Abu Salim, Mutumin Da Ya Shekara 40 Yana Gadin Takardun Sudan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa da lodi a bakin iyaka, ko a Ƙonni ne, ko Ɗan Isa, ko Gaya, ya san darajar takarda. Kayanka ne, da kuɗinka ka saya, kowa a tasha ya san ka ya san ubanka, amma idan ma'aikacin duwan ya miƙo hannu ka lalubi aljihu ba ka ji komai ba, to ranar nan mota ba ta wucewa. Haka yake ga littafin bashi. Mun sha ganin aminai biyu sun rabu baram-baram a kan kuɗin buhu goma na wake, saboda shafin da aka rubuta cinikin ya jiƙe da damina, ko kuwa yaron shago ya yage shi ya ƙunsa wa wani sukari.

To ita ma ƙasa tana da nata littafin. A ciki ake samun wanda ya ba wa wa gona, da inda iyaka ta tsaya, da ranar da kakan wane ya sauka a gari kaza. A wannan makon mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin wani mutumin Sudan da ya riƙe irin wannan littafi na ƙasarsa har shekara 40, daga 1955 zuwa 1995. Sunansa Dakta Muhammad Ibrahim Abu Salim, gidan da ya shugabanta kuma shi ne wanda mutanen can suke kira Darul Wasa'iƙ, wato gidan adana takardun ƙasa da ke birnin Khartum. Ba takardun gwamnati kaɗai ke cikinsa ba, har da littattafai da tsofaffin jaridu da taswirori da rubuce-rubucen hannu na malamai, don haka duk mai neman sanin tarihin Sudan nan yake fara sallama. Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da Khartum. In ya yi haƙuri zai ga cewa akwai sunayen namu a cikin takardun nan.

An haifi Abu Salim a shekarar 1927 a ƙauyen Sawarda, can arewacin Sudan a ƙasar Nubiyawa, inda noma bai wuce ɗan siririn fili a gefen kogin Nilu ba, sauran duk rairayi ne da duwatsu. Ya yi karatu har ya kai babbar kwalejin Khartum, wadda daga baya ta zama jami'a, ya kammala a 1955. Lokacin nan Turawan Ingila suna naɗe tabarmarsu, ana ta cire su daga kujeru ana ɗora ƴan ƙasa, domin ranar 1 ga Janairun 1956 Sudan za ta samu mulkin kai. Samari masu takardar jami'a a lokacin ba su da yawa, kowa kuma idonsa na kan kujerar mulkin lardi ko ofishin jakadanci. Shi sai ya faɗa wani ɗan ƙaramin ofishi da ba a daɗe da buɗewa ba, inda wani Bature mai suna Peter Holt yake fama da tulin tsofaffin takardu. Holt malamin makaranta ne da ya zo Sudan a 1941, aka ba shi aikin kula da takardun gwamnati a 1954. Bai daɗe a kai ba ya koma Landan, ragamar ta dawo hannun wannan saurayi ɗan shekara 28.

Buhunan wasiƙun Mahadi

Babbar dukiyar da ya tarar a ofishin nan ita ce takardun daular Mahadiyya. Sai mun ɗan koma baya kafin a gane nauyinsu.

A shekarar 1881 wani malami mai suna Muhammad Ahmad, wanda ke zaune a tsibirin Aba, ya yi da'awar cewa shi ne Mahadi, ya kira jama'a su tashi su yaƙi mulkin Turkawa da Misirawa. Ya ci Al-Ubayyid a 1883, ya ci Khartum ranar 26 ga Janairun 1885, inda aka kashe Janar Gordon. Wata biyar bayan haka ya rasu a Umdurman, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya yi mulki har ranar 2 ga Satumban 1898 da sojojin Kitchener suka karya rundunarsa a Karari. Turawa sun daɗe suna nuna wa duniya cewa daular nan taron masu takobi ce kawai, ba tsari ba lissafi. Takardun da suka kwaso da hannunsu su ne suka ƙaryata su. Shugaban leƙen asirin sojan Masar, Reginald Wingate, ya sa an riƙa tattara duk takardar da aka samu a fagen fama, tun daga yaƙin Toshki a 1889, da Tokar a 1891, har zuwa faɗuwar Umdurman. Abin da aka tara ya kai dubun-dubata. An yi amfani da wasu don leƙen asiri da rubuta littattafai, sauran suka yi shekaru a ɗaure a ɗakunan ajiya, ƙura tana hawa.

Da aka kwance su sai aka ga daula ce mai magatakarda, mai alƙalai, mai baitulmali, har da injin ɗab'i na dutse da suka samu a Khartum suka kai Umdurman suna buga sanarwa da shi. Ƴan kasuwa za su ji daɗin wannan ɓangare. A cikin takardun baitulmali akwai lissafin ushirin da ake karɓa a kan kayan fatake, da yadda hukuma ta riƙe cinikin ƙaro da hauren giwa da gashin jimina a hannunta. Akwai labarin riyal ɗin azurfa da suka buga mai suna maƙabul, wanda da tafiya ta yi tafiya aka riƙa rage azurfar ana ƙara tagulla, har ƴan kasuwa suka fara ƙin karɓarsa da darajar da hukuma ta yanka. Wanda ya ga abin da ya samu sefa a Janairun 1994, ko abin da naira ta shiga a ƴan shekarun nan, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Akwai kuma labarin Ibrahim Adlan, ɗan kasuwar da aka ba riƙon baitulmali ya tsara shi da kyau, amma ya ƙare a hannun hauni a 1890, bayan babbar yunwar da mutanen Sudan har yau suke kira Sanat Sitta, wato ta shekarar 1306 ta Hijira. Kuma, don kada a ce mun ɓoye, a cikin takardun akwai lissafin cinikin bayi, da suna da farashi.

Holt ya rubuta littafinsa a kan daular Mahadiyya daga waɗannan takardu, ya fito a 1958. Shi kuwa Abu Salim wani aiki ya ɗauko mai cin rai wanda ba a cika yaba wa mai yinsa ba. Wasiƙun Mahadi sun bazu a hannun jama'a, almajirai sun yi ta kwafa, wani ya ƙara, wani ya rage, wani ya manta ranar da aka rubuta. Sai ya zauna yana jera kwafi kusa da kwafi, yana duba wanne ya riga wanne, wa aka aika wa, a wane gari, a wane wata. A kan wannan fanni ya samu digirinsa na dakta a jami'ar Khartum. A 1969 ya fitar da littafin jagora ga takardun Mahadi, wanda za mu iya kira fihirisa, domin mai bincike ya san abin da ke akwai da inda zai same shi. A 1974 ya fitar da takardun Usman Digna, kwamandan Mahadiyya na gabashin ƙasar. Aikin bai cika ba sai tsakanin 1990 da 1994, lokacin da jami'ar Khartum ta buga masa dukkan abin da Mahadi ya bari a rubuce, juzu'i 7. A duba fa: mutumin da tsakanin da'awarsa da rasuwarsa shekara 4 ce kacal, sai da wani ya yi fiye da shekara 30 kafin ya gama tsince masa wasiƙu.

Inda labarin ya taɓo mu

Daga cikin waɗanda Mahadi ya yi musayar wasiƙa da su akwai Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Hayatu ya bar Sakkwato ya tafi Adamawa, ya kafa zama a Balda, kusa da Marwa a arewacin Kamaru ta yau. Ya aika wa Mahadi cewa ya yi mubaya'a, shi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Fadar Sakkwato ba ta karɓi da'awar ba. Daga baya Hayatu ya haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Borno a 1893, ya auri ƴarsa, amma zaman bai ƙare da daɗi ba, domin a 1898 mutanen Rabe ne suka kashe shi. Tsofaffi a Marwa da Dikwa da Kusuri suna da nasu labarin a baka, sai dai ainihin kalmomin da aka rubuta tsakanin Balda da bakin Nilu, a Khartum aka adana su. Wani malamin Sudan da ya koyar a Kano, Muhammad Ahmad al-Hajj, ya yi amfani da su wajen bincikensa kan aƙidar Mahadi a arewacin Nijeriya.

Sai kuma babbar hijira. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi aka kashe shi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'ar har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ban da su ga dubban maniyyata da suka bi ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare a hanya suka tsaya noman auduga a Jazira, shekara ta zama goma, goma ta zama zuri'a. Da wuya ka shiga babbar kasuwa a ƙasar Hausa ka rasa mai dangi a can.

Ga inda takarda ta zama maganar rai. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ce sai mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamban 1897. Wanda kakansa ya zo tare da Mai Wurno ka ga ya makara da ƴan shekaru. An sassauta sharaɗin daga baya, har dokar 1994 ta mayar da shi 1 ga Janairun 1956, amma tambayar nan ta "yaushe kuka zo" ba ta bar bakin mutane ba. A watan Yulin 2022 rikicin fili da na sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Nilu Shuɗi, aka rasa rayuka sama da 100, aka sake wani a watan Oktoba. Ba mu ce takarda tana hana faɗa ba. Amma ranar da aka zauna sulhu, wanda ke da shaidar zaman kakansa a rubuce ba ɗaya yake da wanda sai rantsuwa ba.

Hatimin sarki, gonar malam

Wataƙila saboda ya tashi a inda taƙi ɗaya na ƙasar noma ke haɗa ƴan uwa shari'a, Abu Salim ya ba takardun fili muhimmanci ƙwarai. Har littafi ya rubuta a kan saƙiya, wato abin ɗebo ruwan nan na katako da shanu ke juyawa a bakin Nilu, wanda ke yi musu aikin da jigo ke yi wa masu lambu a wajenmu. Ya rubuta tarihin birnin Khartum ma. Amma aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne na Darfur da Sinnar.

Sarakunan Darfur suna da al'adar yanka wa malami ko bafade ko attajiri yanki na ƙasa, abin da suke kira hakura, su ba shi takarda da Larabci, a buga babban hatimin sarki a sama, a jera sunayen shaidu, a faɗi iyaka daga itace kaza zuwa rafi kaza. Irin waɗannan takardu ba a fada suke ba, a hannun iyalai suke, cikin gafaka da tsofaffin akwatuna, ana gadonsu kamar yadda ake gadon takobi. A shekarun 1970 wani malamin tarihi, Sean O'Fahey, ya riƙa zagaya ƙauyukan Darfur yana roƙon masu su su bari ya ɗauki hotonsu ya mayar musu da kayansu. Abu Salim ya fitar da nasa littafin a kan Furawa da ƙasa a 1975, sannan su biyun suka haɗu suka fitar da wani da Turanci a 1983. A cikin waɗanda sarakunan suka yanka wa ƙasa har da gidajen malaman Fulani da suka fito daga yamma. A 1989 kuma shi da Jay Spaulding suka buga takardun daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821.

Lokacin da ake wannan aiki mutane da yawa sun ɗauke shi shagalin masana. Da yaƙi ya tashi a Darfur a 2003, aka ƙone ƙauyuka, jama'a suka gudu Chadi da abin da ke jikinsu, sai kalmar hakura ta dawo teburin sulhu, domin maganar wa ke da ƙasa tana cikin tushen rikicin. Takardar da ta ƙone tare da bukka ta tafi ke nan. Wadda aka ɗauki hotonta shekara 30 kafin nan, an adana ta a Khartum da jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, inda O'Fahey ya koyar.

Gwamnati ta zo, gwamnati ta tafi

Mu lissafa waɗanda suka hau suka sauka yana kan kujerarsa. Ya fara aiki zamanin Isma'il al-Azhari. Ya ga Abdullahi Khalil. Ya ga Janar Abbud ya yi juyin mulki a 1958, ya ga jama'a sun fito titi sun kore shi a Oktoban 1964. Ya ga Ja'afar Numairi ya karɓa a 1969 ya riƙe shekara 16, ya ga an tumɓuke shi a 1985. Ya ga Suwar al-Dahab, ya ga Sadik al-Mahadi, ya ga Umar al-Bashir ya shigo da tankoki ranar 30 ga Yunin 1989. Duk wannan guguwa, shi yana nan. A tsakanin haka ne ɗan ofishin da ya gada ya samu doka tasa a 1965, ya zama babban gidan takardu na tsakiya, sannan wata dokar ta 1982 ta ɗaga shi ya zama na ƙasa baki ɗaya. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce gidan ya tara takardu kimanin miliyan 20 da littattafai 13,000.

Kada a ɗauka riƙon takardun Mahadi a Sudan abu ne mai sauƙi kamar riƙon tsofaffin rasit. Zuri'ar Mahadi su ne jagororin Ansar da jam'iyyar Umma, abokan hamayyarsu na ɗariƙar Khatmiyya kuwa kakanninsu ba su bi Mahadi ba. A watan Maris na 1970 Numairi ya yi wa tsibirin Aba ruwan wuta, aka kashe Ansar masu yawa. Shekara 16 bayan haka tattaɓa-kunnen Mahadin ne firaminista. Ka ga ke nan takarda ɗaya yau tana iya zama abin alfaharin mai mulki, gobe ta zama abin da ba ya son a gani. Wanda ke riƙe da mabuɗi a irin wannan wuri, in ya karkata gefe ɗaya, gwamnati ta gaba za ta yi waje da shi, wataƙila har da takardun.

A nan ne ra'ayi zai iya bambanta, mu ma a ɗakin labaranmu sai da muka yi musu. Wani abokin aikinmu cewa ya yi mutumin da ya yi aiki da sojoji huɗu da farar hula ba tare da an taɓa shi ba, ai ya iya lanƙwasa ne kawai. Mu dai abin da muka gani shi ne, ba a auna mai gadi da yawan faɗan da ya yi da masu gida, ana auna shi da ko kaya sun cika ranar da ya miƙa mabuɗi. Kuma mu a nan mun san abin da siyasa ke yi wa irin wannan aiki. Bubu Hama, wanda ya tara rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da yau suke cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, shugaban majalisar dokoki ne, don haka da sojoji suka yi juyin mulki a Afrilun 1974 sai ya tsinci kansa a tsare. Abu Salim bai nemi kujerar da ta fi tasa ba, shi ya sa ba a yi masa kishinta ba.

Sai dai shekara 40 a kujera ɗaya tana da nata haɗarin, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sani. Mun san irin maigidan da komai na shago a kansa yake: wa ake bi, wa ke bi, wane dillali ne amintacce a Kwatano, wane ne ba a ba shi kaya sai da kuɗi hannu. Yara sun girma sun yi furfura a gabansa ba su taɓa riƙe littafin ba. Ranar da ya kwanta dama, kafin sadakar arba'in shago ya watse. Abin da ya raba Abu Salim da irin wannan maigida shi ne bai bar sani a kansa ba, ya zuba shi a fihirisa da littattafan da aka buga aka rarraba a ƙasashe, ya kuma tarbiyyantar da na baya. Da ya sauka a 1995, Dakta Ali Salih Karrar, masanin tarihin ɗariƙun Sudan, shi ya karɓa, gidan ya ci gaba da aiki.

Duk da haka gida yakan ɗauki kamannin mai shi. Ƙarfin Darul Wasa'iƙ yana wajen takardun Larabci da na Turawan mulki, wato muryar sarki da malami da gwamna. Manomi da bawa da mace sukan fito ne a matsayin suna cikin lissafin wani. Kudancin ƙasar kuwa nasa takardun sun sha wuya ƙwarai a lokacin yaƙin basasa, har sai da suka yi shekaru a jibge cikin wani babban tanti a Juba, gara da zafi suna ci, kafin a fara ceto su dab da lokacin da Kudu ta ɓalle a 2011. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, hoton yadda aka mulki ƙasar ne.

Bayan tafiyarsa

Abu Salim ya rasu a shekarar 2004, Allah ya jiƙansa. Bai ga ranar 15 ga Afrilun 2023 ba, ranar da faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a tsakiyar Khartum, unguwannin da ma'aikatun gwamnati suke, har da gidan da ya yi wa hidima. Kusan shekara 2 tsakiyar birnin tana hannun RSF, sai a watan Maris na 2025 soja suka karɓe ta. A tsakanin nan an wawushe babban gidan kayan tarihi na ƙasa. Laburaren cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke jami'ar Ahliyya a Umdurman ya ƙone tun a farkon yaƙin, da littattafai da takardun da aka shekara ana tarawa. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, cikinsu har da ƴan uwanmu, wasu sun biyo ta Adre sun shigo Chadi, wasu sun iso har nan. Idan ana maganar rai ba a kawo maganar takarda, mun sani. Amma waɗannan mutane in Allah ya kawo zaman lafiya za su koma, kuma za su tarar da wani a gonarsu ko a shagonsu, a nan ne za a tambayi shaida.

Abin da ya rage fargaba shi ne kwafi. Juzu'i 7 na wasiƙun Mahadi suna laburare da yawa a duniya, ba wutar da za ta cinye su gaba ɗaya. Hotunan takardun Darfur suna Bergen. Jami'ar Durham ta Ingila tana da nata gidan takardun Sudan tun 1957. Kafin yaƙin kuma an yi wani shiri mai suna Sudan Memory, tare da wata jami'a ta Landan, inda aka ɗauki hoton takardu da hotuna masu yawa daga Darul Wasa'iƙ da wasu gidaje aka sa a intanet. Abin da aka ɗauka kaɗan ne in an gwada da miliyoyin da ke cikin akwatuna, amma kaɗan ɗin nan ya tsira.

Mu kanmu da muke wannan rubutu ba mu da bakin yi wa kowa gori. A farkon buɗe gidan rediyonmu mun zagaya da rakoda mun ɗauki hirar tsofaffin fatake, waɗanda suka yi Gwanja da jakuna suka dawo da goro, da waɗanda suka bi ayarin gishiri, da wani tsoho da ya je Makka a ƙasa ya shekara 7 a Sudan kafin ya dawo. Ya faɗa mana sunan kowane zango, da abin da ake biya a kowace mashiga. Da kaset ya yi tsada, kuɗi kuma babu, sai muka riƙa ɗauko na cikin kwali muna naɗar sanarwar aure da ta suna a kai. Ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya hana. Ranar da jikan tsohon nan ya zo daga Kano yana neman muryar kakansa, muka sa kaset ɗin da ke ɗauke da sunansa, sai muka ji tallar maganin basir. Kunyar ranar nan har yau ba ta sake mu ba.

Ƴan kaset ɗin da suka rage mun fara juye su a kwamfuta, muna ajiye kwafi ɗaya a wani gari daban. Muna kuma kira ga masu karatu, musamman waɗanda ke da dangi a Mai Wurno, ko Gadarif, ko Kasala, ko Niyala: duk mai tsohuwar wasiƙar ajami da aka aiko daga gabas, ko takardar sayen fili, ko fasfon aikin hajji na kaka, ko littafin bashin uba da aka daina amfani da shi, ya zo da shi ranar kasuwa bayan azahar. Za mu ɗauki hoto a gabansa, mu ba shi kwafi a wayarsa, ya koma gida da kayansa. Ba a biyan ko dala.